Abun da na koya wajen zaɓar injin haɗa gem alhali ban iya kod ba

Wata uku cur na kwashe ina bin tambaya ɗaya: wane inji ne, wato manhajar da ake gina wasan kwamfuta da ita, ya fi kowanne kyau wajen haɗa gem? Kullum idan na tashi daga aiki sai in zauna in yi ta kallon bidiyo a YouTube, wannan ya ce wancan ne sarki, wancan ya ce a'a wannan ne, ni kuma ina ta rubuta sunaye a takarda, kuma wallahi a duk tsawon wata ukun nan ko ɗan akwati mai motsi ban haɗa ba. Ban taɓa rubuta layin kod, wato rubutaccen umarnin da ake ba kwamfuta, ko ɗaya ba a rayuwata, abun da kawai nake da shi shi ne sha'awa da wata tsohuwar laftof.

Daga ƙarshe na sauke wani babban inji na 3D saboda na ga irin gem ɗin da manyan kamfanoni ke yi da shi. Laifin ba na injin ba ne, ni ne na ɗauko kayan da ya fi ƙarfin kaina. Fankar laftof ɗin ta dinga kuka kamar za ta tashi sama, kafin ya buɗe sai na jira na jira, idan ya buɗe kuma sai in ga tagogi birjik a sikirin, haske, kyamara, inuwa, abubuwa da yawa da ban san ma me suke yi ba. Na bi wani darasi daga farko har ƙarshe, duk inda mai koyarwa ya danna nima in danna, a ƙarshe na samu mutum yana gudu a fili mai kyau, amma da na rufe bidiyon na ce bari in sa masa tsalle da kaina, toh a nan na gane ban koyi komai ba, kwafa kawai na yi. Abun ya min ciwo sosai, har na ajiye harkar na kusan wata guda.

Abun da ya dawo da ni shi ne GDevelop. Wani Bafaranshe ne mai suna Florian Rival ya ƙirƙire shi, kyauta ne, kuma ana iya buɗe shi a cikin burauza ba sai an girka komai ba. Babu rubuta kod, abun da ke gabanka layuka ne masu gida biyu, gidan hagu sharaɗi, gidan dama kuma abun da zai faru. Idan an danna maɓallin dama, ɗan wasa ya matsa dama. Idan ya taɓa tsabar zinare, a ƙara maki. Shikenan.

Ba zan manta daren farko ba. Na zana ɗan akwati ja, na zana dogon sanda kore a ƙarƙashinsa a matsayin ƙasa, na ba akwatin halin ɗan wasa mai gudu da tsalle, na danna gwaji, sai kawai ya ratsa ƙasar ya zurma ya ɓace. Na sake, ya sake zurmawa. Sai da na nutsu na gane ai ni ne nake ganin sandan a matsayin ƙasa, ita kwamfuta hoto kawai take gani, dole in gaya mata cewa wannan dandamali ne da ake takawa. Da na gyara, akwatin ya faɗo ya tsaya cak a kan koren sandan, na danna ya yi tsalle ya dawo, gaskiya na daɗe ina danna maɓallin nan ina murmushi ni kaɗai.

Matsala ta biyu ta fi koya min abu. Na sa duk lokacin da ɗan wasa ya taɓa zinare a ƙara maki ɗaya, amma da ya taɓa sai makin ya dinga gudu, kafin ƙiftawar ido ya wuce ɗari. Ashe injin yana duba duk sharuɗɗan nan ne kusan sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, tunda ban goge zinaren ba bayan an taɓa shi, kowane zagaye sai ya sake ƙirgawa. Maganin shi ne ko ka goge zinaren, ko ka ƙara sharaɗin da ke cewa a yi sau ɗaya kawai. Daga wannan kuskuren na fahimci yanda kowane gem ke aiki a ciki, zagaye ne da ba ya tsayawa, kuma babu bidiyon da ya taɓa sa min wannan a kai kamar yanda ganin makin yana gudu ya yi.

Shi yasa yanzu idan wani ya tambaye ni wanne zai ɗauka, sai in mayar masa da tambaya: wane irin gem kake so ka gama a cikin sati biyu, kuma wace irin kwamfuta ce da kai? Kalmar gamawa ɗin nan nake jaddadawa. Idan labari ne mai zaɓi, ka bi nan ko ka bi can, Twine ya isa, ba ka buƙatar wani babban inji. Idan yaro ne ko wanda ke son ganin tsarin tunanin tukuna, Scratch na jami'ar MIT ta Amurka da ya fito a 2007 yana nan, tubala ake jerawa kamar gini, kuma ni ban yarda da masu raina shi ba, ko babba zai ƙaru da shi. Construct 3 na kamfanin Scirra a Ingila tsarinsa kusan ɗaya da GDevelop, a burauza yake aiki, sai dai na kyautar yana da iyaka, idan aikin ya girma sai an biya kuɗin rajista.

GameMaker kuwa tsohon hannu ne, Mark Overmars ne ya fito da shi a 1999, za ka iya farawa da jan tubala sannan a hankali ka koma harshen kod ɗinsa mai suna GML, kuma tun Nuwamban 2023 kyauta ne matuƙar ba sayar da gem ɗin za ka yi ba. Da shi Toby Fox ya haɗa Undertale da ya fito a 2015, wanda duniya ta sani, kaga kenan maganar wai ƙaramin inji ba ya fitar da abun kirki ba ta da tushe.

Unity da Unreal ba na hana kowa su, amma ba nan zan tura sabon shiga ba. Unity galibi da harshen kod na C# ake aiki da shi, Unreal yana da Blueprints da ake haɗa akwatuna da igiyoyi ba tare da rubutu ba, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi kuma abubuwan koyo a cikinsa suna da yawa. Akwai kuma batun lasisi da ban taɓa kulawa da shi ba da farko. A Satumban 2023 Unity ta sanar za ta fara cajin masu gem bisa yawan mutanen da suka girka gem ɗinsu, aka yi ca a kanta, har ta soke tsarin a Satumban 2024. Unreal kuma tana karɓar kashi 5 cikin ɗari ne bayan gem ya samo sama da dala miliyan 1. Mai farawa wannan lissafin bai shafe shi yau ba, amma yana da kyau mutum ya karanta sharuɗɗan kafin ya zuba shekarunsa a wuri.

Ni dai bayan na gama ƙananan gem uku a GDevelop, ɗaya irin Pong, tsohon gem ɗin nan na buga ƙwallo tsakanin sanduna biyu, ɗaya na tsalle-tsalle, ɗaya na kaucewa duwatsu masu faɗowa, sai na ji ina son in gwada kod na gaske, na koma Godot. Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan Ajantina ne suka fara shi, aka sake shi kyauta ga kowa a 2014, ba shi da nauyi, ka sauke ka buɗe kawai. Amma dan Allah kar wani ya ce maka babu kod a ciki, akwai, harshensa GDScript ne mai kama da sanannen harshen kod ɗin nan Python, kuma a Godot 4 da ya fito a 2023 ma an cire tsarin haɗa akwatunan da yake da shi a da.

Ranar da na buɗe darasin farko na ga layi ya fara da if, wato idan da Turanci, gabana bai faɗi ba ko kaɗan, domin na gane shi, gidan hagu ne na GDevelop, abun da ke ƙarƙashinsa kuma gidan dama. Har yanzu ina mantawa da tazarar farkon layi injin ya nuna min jan rubutu, ina kuma yawan komawa littafin bayaninsa. Yanzu haka gem ɗin duwatsun nan nake sake ginawa a Godot, duwatsun suna faɗowa daidai, makin ma yana ƙirguwa, saura in sa masa sauti da allon da ke fitowa idan dutse ya buge ka.