Mai rawani a bakin ƙofar lakwal

Alhamis da dare, Tahoua.

Na yi sallar isha'i, yara sun yi barci, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Makon nan aka koma lakwal, iyaye sai zuwa suke yi ana rubuta yara. Da sassafe wani ya shigo cikin shadda mai maiƙo, makullin mota a hannu. Ban san shi ba, ban kuma tambayi ko wane ne ba. Kujerata na ɗauko na ba shi.

Wajen ƙarfe goma, yara suna wasa a fili, na hango wani mutum tsaye a bakin ƙofa ƙarƙashin dogon yaro. Baƙin rawani ya rufe masa fuska, idanu kaɗai a waje, riga duk ƙura, ga babur jingine kusa da shi. Ya tsura wa filin ido, ba ya motsi. Gabana ya faɗi. Na tafa hannu na kora ƴan ajina ciki tun lokaci bai yi ba, na ce da mai gadi: "Baba, ka sa ido a kan wancan."

Baba mai gadi ya je, sai ga su tare, da wata ƴar yarinya riƙe da gefen rigar mutumin. Na ce wa kaina tana bayansa ne shi ya sa ban gan ta ba. Gaskiyar ita ce ban duba ba. Rawanin na gani, na tsaya nan.

Ashe ya fi rabin awa a tsaye. Mata ya gani a fili, ya ƙi kutsowa sai an yi masa iso. Ɗiyarsa ya kawo a sa ta aji ɗaya. Daga wajen Tillia, can arewacin jiharmu ta Tahoua, suka taso bayan abin da ya faru ranar 21 ga Maris 2021, lokacin da ƴan bindiga a kan babura suka afka wa Intazayene da Bakorat da ƙauyukan kusa. Gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe, aka yi zaman makoki na kwana 3 a ƙasa duka. Yarinyar tana goye a lokacin. Bai ja zancen ba, ni ma ban tona ba.

Ina cikin cika takarda ya ce, da Hausarsa tas, murya ƙasa-ƙasa: "Madam, na ga kin shigar da yara. Ba komai. Mu ma haka muke yi in mun ji ƙarar babur."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Abin da ya fi ci mini rai, ni fa ƴar Adar ce. Na tashi ina ganin Buzayen Abalak da Tchintabaraden a kasuwar Lahadi, a hannunsu innata take sayen cuku. Na san rufe baki a wurin namijinsu kunya ce da mutunci, gaban suruki ma ƙara jan rawanin yake yi sama. Duk na san wannan. Amma hotunan da ake ta turo mana a WhatsApp shekarun nan sun riga sanina isa zuciyata. Tsoron ba na banza ba ne, an rufe makarantu da dama a ƙasar nan saboda hare-hare, kuma yaran nan amana ce a wuyana. Sai dai mai shadda ma baƙo ne, shi kuwa ko sunansa ban nema ba kafin ya zauna tsakiyar yara.

Da aka zo sa hannu, na ji hannuna ya nufi tawadar dangwale. Na janye. Nan take na tuna wata ma'aikaciya a Yamai, lokacin ina karatu, da ta kalli dogon hijabina ta tambaye ni ko na iya sa hannu ko a kawo tawada. Shekara nawa ke nan, har yau maganar tana yi mini zafi. Na miƙa masa biro. Ya rubuta sunansa da baƙaƙen Tifinag, rubutun Buzaye, ɗigo-ɗigo da ƴan da'irori, a natse.

Yarinyar ba ta da takardar haihuwa, a can aka baro ta. Darakta ya ce a karɓe ta, a nemo takardar a kotu daga baya. Na raka su har bakin ƙofa, ina ta juya "ka yafe mini, Malam" a bakina, ta ƙi fita. "Sai gobe" kawai na iya cewa.

Na ware mata allo da kaye ɗaya, wato littafin rubutu, cikin na ɗiyata. Ya ce shi da kansa zai kawo ta da ƙarfe takwas saura.