Ƙannena lauyoyi, ku fara zama da akawu kafin ku sayi manhaja

Duk matashin da ya buɗe ofishin lauya a yau, ko a Kano ne ko a Kaduna, ba zai daɗe ba masu tallar manhaja za su yi masa sallama. Wannan za ta riƙe masa ranakun kotu, waccan za ta lissafa masa kuɗin aiki, wata ma har takardar ƙara take tsarawa. Akasarinsu suna aiki, kuma babu mai cewa a guje su. Tun bayan sabuwar dokar kamfanoni ta 2020, rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta koma ta intanet. Hukunce-hukuncen da magabatanmu ke jerawa a kantar littattafai, irin kundin NWLR da marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, yanzu a waya ake neman yawancinsu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, sabon kayan aiki ba ya zama a ofis sai wanda ke yin aikin da hannunsa ya karɓe shi. A ƙaramin ofis kuwa, wannan mutumin akawu ne.

Na sayi manhajar tsara shari'o'i ba tare da na shawarci akawuna ba. Dattijo ne da ya daɗe yana zirga-zirgar rajistar kotu, ya san wane magatakarda ne ke zuwa da wuri, ya san kotun da ba ta zama ranar Juma'a. Littafinsa mai baƙin bango shi ne ƙwaƙwalwar ofishin. Na ce masa daga yau komai a kwamfuta za a sa. Ya ce, “To, ranka ya daɗe,” bai ƙara komai ba, ya ci gaba da rubutu a littafinsa, domin ban koya masa ba, ban kuma tambaye shi abin da ke ba shi wahala ba. Muka wayi gari da rajista biyu: ni ina duba allo, shi yana duba takarda. Aka ɗage wata shari'ar gado, ya rubuta sabuwar ranar a littafi, ba ta shiga kwamfuta ba, ban halarci zaman ba. Wata baiwar Allah da ta taso daga ƙauye da marayunta ta wuni a harabar kotu tana jirana. Har yau abin yana damuna, kuma laifin ba na dattijon ba ne.

Da na zauna da shi tun farko, da na gane matsalarmu ɗaya ce tak, wato ranar da aka ɗage ba ta isowa gare ni da wuri. Kalandar waya da mu biyu za mu riƙa gani ta isa ta magance wannan, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Don haka ku ɗauki ciwo ɗaya ku yi maganinsa, sai ya warke ku taɓa na gaba. In kuma za ku sauya tsari, ku tsayar da ranar rufe tsohon, kowa ya sani, kada a bar biyu suna tafiya tare. Mai shagon magani ko mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke son daina rubuta bashi a littafi, shi ma da yaron shagonsa ya kamata ya fara.

Sai batun amana. Takardun fili, wasiyya, sirrin aure, duk yanzu ta WhatsApp ake turo mana su. Wayar da ke ɗauke da su kada ta zama wadda yara ke wasa da ita a gida. Ku sa mata mabuɗin sirri, ku ajiye kwafin komai a wuri na biyu, domin kwamfuta tana mutuwa kuma wuta ba ta da tabbas. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wannan nauyi a wuyan duk mai riƙe da bayanan wani.

Ku kuma sani cewa abin da ya fito daga na'ura ba ya zama hujja haka kawai. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa, har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da bayanin. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da shafukan jarida da aka buga daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan ba.

Ƙirƙirarriyar basira kuwa, ku gwada ta, tana rage wahalar rubutun farko. Amma a 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙaga, waɗanda ba a taɓa yanke su ba. Duk shari'ar da na'ura ta ambata muku, ku buɗe kundin ku karanta ta da idonku kafin ku sa hannu a takardar da za ta je gaban alƙali.