Shafi biyu kafin barci

Shekara uku a jere, daren 31 ga Disamba, ina rubuta magana ɗaya a littafina: bana zan karanta littattafai 24, biyu a kowane wata. Makon farko na Janairu nakan zauna awa guda cur kowane dare. Kafin Fabrairu ta ƙare kuwa, ƙura ta hau bangon littafin, takardar da na sa alama tana nan maƙale a shafi na sittin da wani abu. Abin yana ci mini rai ƙwarai, don ba wanda ya tilasta mini, ni nake son karatun da zuciyata.

Da na bi sawun abin a hankali, sai na ga a wuri ɗaya yake mutuwa kullum. Wata rana zan dawo daga aiki a gajiye, in ce yau dai a bar shi. Washegari sai in ga bashin awa biyu a wuyana, jibi uku. Daga nan ko kallon inda littafin yake ba na son yi, kamar mai sauya hanya idan ya hango wanda ke bin sa kuɗi.

Bara na rage buri har ya koma shafi biyu. Na cire cajar waya daga gefen gado na kai ta falo. Da safe idan na gyara shimfiɗa, sai in ɗora littafin a kan matashin kai, ta yadda ba zan kwanta ba sai na ɗauke shi da hannuna. Na kuma yanka wa kaina doka: da na goge haƙora da dare, sai littafi. Daga baya na ga cewa wani masanin halayyar ɗan Adam, Bajamushe mai suna Peter Gollwitzer, ya yi rubutu a kan wannan dabara tun 1999. Abin da ya nuna shi ne wanda ya ce "idan kaza ya faru zan yi kaza", ya faɗi lokaci da wuri, ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya tsaya a "zan yi ƙoƙari". Ni dai na shaida, domin da burushi ya bar hannuna, babu sauran shawara da zuciya.

Ana yawan cewa kwana 21 sun isa abu ya zama jiki. Wannan magana ta cutar da ni a baya, don idan na kai mako uku ina jin nauyin abin har yanzu, sai in ɗauka ni ne ba ni da naci. A 2009 Phillippa Lally da abokan aikinta a jami'ar UCL ta Landan suka fitar da sakamakon bibiyar mutum 96 na tsawon mako 12, kowa ya zaɓi ƙaramar ɗabi'a guda da zai riƙa yi kullum. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, kuma bisa ƙiyasinsu tazarar ta kama daga kwana 18 har 254. Abin da ya fi sanyaya mini zuciya shi ne sun ga tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba.

A watan Afrilu ɗiyata ta kwanta asibiti. Kwana tara ban buɗe littafi ba, ban ma tuna da shi ba. Akwai kalandar da nake yi wa alama da jan biro a bayan ƙofa, kuma ranar da aka sallame mu na tsaya ina kallon gidaje tara farare a jere. Da a shekarun baya ne, nan zancen ya ƙare. Amma a daren nan, bayan ta yi barci, na goge haƙora, na zauna bakin gado. Babu bashin awa tara da ke jirana, shafi biyu ne kawai, kuma ko mai gajiya irin tawa zai iya shafi biyu. Na karanta su ido na lumshewa, na tashi na ja jan layi a gida na goma.

Yawancin dare ba na tsayawa a biyun. Labari kan ja ni in kai goma, wani lokaci babi guda. Sai dai ban taɓa ƙara wa dokar ko shafi ɗaya ba, kuma ba ni da niyyar ƙarawa, don na yi ta ne saboda daren da ba ni da ƙarfi.

Littattafai 11 na gama bara. Na sha biyun yana kan matashin kai yanzu haka, alamar tana shafi na 140, kuma sabuwar kalanda ta riga ta hau bayan ƙofa.