Godiya Ga Abokan Sana'a da Yaran Shagona

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ina miƙa godiyata ga duk waɗanda suka halarci walimar da tsofaffin yaran shagona suka shirya mini ranar Asabar a Kano, bayan raunin ido ya sa na ajiye sana'ar haɗa rediyo da sifikun mota.

Godiya ta farko ta marigayi maigidana ce, wanda ya karɓe ni a Sabon Gari jim kaɗan bayan an fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna a 1975. A hannunsa na koyi cewa rabin aikin nan waya ce: a jawo wuta daga batir ta bayan fis, a ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfen da aka kankare masa fenti, in ba haka ba kukan inji zai riƙa fitowa ta sifika duk lokacin da direba ya taka totur. Bai taɓa yarda a murɗa waya a naɗe ta da salatif ba, sai an sa mata dalma. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Ina gode wa kafintocin da suka zo, domin a wancan zamani ba a sayar da akwatin sifika a haɗe. Mu ke auna bayan kujera, su yanka katako, mu lulluɓe shi da kafet kafin mu ɗora sifikun Pioneer ko Kenwood. Direbobin tasha kuwa, waɗanda da yawansu suka zo da sandar dogarawa, su ne suka riƙe mu shekara da shekaru. Buƙatarsu a bayyane take, wato rediyon da zai kamo Kaduna da BBC a tsakiyar daji, da kaset ɗin tafsiri da ba zai harɗe ba ko da ƙurar hunturu ta cika motar. Saboda su muka ƙware wajen goge kan kaset da sifirit da sauya robar da ke juya shi, musamman bayan faɗuwar darajar naira a 1986, lokacin da sabon rediyo ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, gyara ya zama dole.

Ku kuma 'ya'yana na shago, na ji daɗi ƙwarai da na ga kowannenku da nasa wurin da nasa yaran, ko da yake aikinku yanzu ya koma kan allon taɓawa da Bluetooth. Tsohon rediyon Blaupunkt da kuka tayar kuka ba ni kyauta ya sa ni hawaye, kuma na san wahalar da kuka sha kafin ku samo kayansa.

Waɗanda suka yi tattaki daga Zariya, Katsina da Maraɗi, da matan da suka kwana suna girki, Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci. Wanda na taɓa ɓata wa rai a bakin aiki, ina roƙon ya yafe mini. Wassalam.