Gyaran da na yi wa jagorar WRF ta ɗalibanmu

Shekara uku ke nan ina miƙa wa sababbin ɗalibai wata jagora da na rubuta kan yadda ake gudanar da manhajar WRF a babbar kwamfutar da ake ba mu aron lokaci a kanta, amma sai a daminar bana na yarda cewa akwai lam'a a cikinta. WRF manhaja ce ta kwaikwayon yanayi da hasashensa, wadda cibiyar binciken yanayi ta NCAR da ke jihar Kolorado ta Amurka ke kula da ita. Na ɗora jagorar tawa ne a kan misalin da cibiyar ke koyarwa da shi, wato guguwar Matthew ta 2016, kuma duk wanda ya kwafi umarnin layi bayan layi yakan ga aiki ya kammala lafiya.

Asirina ya tonu ne ranar da wani ɗalibi ya so ya kwaikwayi hadarin watan Agusta tsakanin Kano da Damagaram. Ya rage faɗin kowane gida na taswirarsa daga kilomita 27 zuwa 9, ya bar takun lokaci, wato daƙiƙoƙin da manhajar ke matsawa gaba tsakanin lissafi da lissafi, yadda ya same shi, ya aika aikin layin jira ya tafi gida. Da safe ya same ni ya ce, "Malam, ta tsaya, kuma ba ta faɗi dalili ba." Alhali ta faɗa. Kowace furosesa, wato kowane ɓangaren kwamfutar da ke yin lissafi, tana rubuta rahotonta a fayil ɗinta, daga rsl.error.0000 zuwa sama, kuma da muka nemi kalmar cfl a cikinsu sai ga gargaɗi jere a kan jere. Laifin nawa ne, domin ko sau ɗaya jagorar ba ta ambaci waɗannan fayiloli ba.

A nan na fi daɗewa wajen gyara. Manhajar tana yanka sararin sama gida-gida kamar gurabun dara, tana lissafa iska da zafi da laima a kowane gida, sannan ta matsa gaba da 'yan daƙiƙoƙi ta sake lissafi. Idan takun ya yi tsawo har iska ta tsallake gida fiye da ɗaya kafin a sake lissafi, lambobin sukan haukace, kuma wannan shi ne sharaɗin da Courant da Friedrichs da Lewy suka bayyana tun 1928, wanda daga haruffan farko na sunayensu aka samo kalmar cfl. Ƙa'idar da masu WRF ke bi ita ce a ninka faɗin gida a kilomita sau 6 don a sami takun a daƙiƙa: kilomita 27 tana ɗaukar daƙiƙa 162, kilomita 9 kuwa 54 kacal. A tsohuwar jagorar lambar kawai na rubuta a namelist.input, fayil ɗin saitunan manhajar, ba tare da asalinta ba. Yanzu ina sa ɗalibi ya ninka takun da gangan, ya ga aikin ya rushe, ya nemo gargaɗin da hannunsa, kafin ya gyara.

Gyara na biyu ya shafi kwaɗayin furosesa. Ɗalibai sun ɗauka yawan furosesa shi ne sauri, alhali ana raba taswirar ne a tsakaninsu, kuma dole kowace ta yi musayar bayanan iyakarta da maƙwabtanta a kowane taku. Taswira mai gida 100 a tsaye da 100 a kwance, idan aka raba wa furosesa 64, kowace za ta sami kusan 12 a kowane gefe. Idan aka kai 144 rabon ya faɗi ƙasa da 10, sababbin fitowar WRF kuwa ba sa yarda su fara aiki a haka. Ga kuma daɗewa a layin Slurm, manhajar da ke jera ayyuka a babbar kwamfutar, tunda mai neman rabo babba shi ya fi jira.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Na zana jerin matakan aikin, wato geogrid da ungrib da metgrid da real da wrf, a shafi guda, na kuma ja layi a ƙarƙashin cewa agogon manhajar UTC ne, wanda ke bayan agogon Najeriya da Nijar da awa ɗaya.

Da na gama, sai na ba wata ɗaliba da ba ta taɓa shiga kwamfutar ba, na zauna a bayanta na kame bakina, abin da ya fi rubutun wuya. Ta maƙale tun a shafin farko, domin na manta ban rubuta umarnin loda netCDF, kayan aikin da WRF ke karanta fayilolin bayanai da rubuta su da shi, ba, kasancewar nawa asusun yana loda shi da kansa tun da daɗewa.

Babin da nake kai yanzu na cu_physics ne, wato zaɓin da ke ƙiyasta tasirin gizagizan hadari waɗanda suka yi wa gidajen taswira ƙanƙanta. Ruwan yankinmu yakan zo ne daga manyan hadura masu tafiya daga gabas zuwa yamma, kuma an saba kashe wannan zaɓi idan faɗin gida ya yi ƙasa da kilomita 4, amma a kilomita 9 masana sun sha bamban. Zan gudanar da hadarin ɗalibin nan sau biyu, ɗaya da zaɓin a kunne, ɗaya a kashe, in jera taswirorin ruwan a shafi ɗaya.