Asabar: ranar da na canza makunnin tsohuwar taraktar lambu

Mako uku ke nan makullin taraktar nan yana ba ni wahala. In na murɗa sai shiru, sai na jijjiga shi kafin sitata ta amsa. Jiya kuwa ta ƙi sam. Yau da sassafe na gwada batir, mita ta nuna bolt 12.6, fis ma bai ƙone ba. Na cire giya, na taɓa 'yar waya daga batir zuwa ƙaramar ƙafar solonoyid (na'urar da ke sakar wa sitata wutar batir), nan take inji ya juya. To, laifin makunni ne.

Na fara kwance wayar batir ta baƙa, sannan na ɗauki hoton bayan makunnin, na manna wa kowace waya takarda da harafinta. Noti ɗaya ne ya riƙe shi. Da ya fito, ƙafafunsa biyar duk sun yi koren tsatsa, amma haruffan na nan: B ta batir, S ta sitata, M ta maganato, G ta jikin ƙarfe, L ta fitila.

Sabon da na sayo shi ma ƙafa biyar gare shi, soket ɗin ya shige shi daram. Har na kai hannu ga batir, sai zuciyata ta ce in ƙara dubawa. Na juya shi a haske: B, S, I, A, R. Gabana ya faɗi.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Injin taraktata Briggs & Stratton ne mai maganato, shi ke samar wa kansa tartsatsi. Idan ka kashe makulli, M ce ke haɗuwa da G, wutar ta zube a jikin ƙarfe, inji ya mutu. Sabon makunnin kuwa na injunan da kwayil ɗinsu (naɗin wayar da ke haifar da tartsatsi) ke shan wuta daga batir ne, irin tsofaffin Kohler K da yawa, inda ƙafar I ke ba kwayil bolt 12 muddin makulli na kunne. Da wannan wutar ta bi wayar maganato, da kwayil ya ƙone cikin ɗan lokaci. Taraktar mahaifina ce, tun ina yaro nake jin ƙararta, ba na son ta lalace a hannuna.

Na mayar, aka canza min. Mai shagon ya ce ai duk ɗaya ne, ban tsaya jayayya ba.

Wannan karon ban yarda da ido kaɗai ba, sai da mita ta tabbatar min. A kashe, M da G sun haɗu. A kunne, B da L. In na murɗa har ƙarshe, B da S. Sai dai wurin zaman ƙafa biyu ya saɓa da na tsohon, don haka na zaro wayoyinsu daga soket da siririn sukundireba na musanya su. Wayar B ta cinye a baki, na yanke na matse mata sabon kai. Nan na fi daɗewa, domin wurin a matse yake.

Da yamma na mayar da wayar batir, na hau kujera, na taka birki, na tabbatar wuƙaƙen yankan ciyawa a kashe suke. Murɗa ɗaya ta tashi. Na bar ta minti biyar, na kunna fitila, sannan na mayar da makulli baya. Ta mutu nan take, kamar yadda ya kamata.