Ranar da na sa yatsa a idona

Talata, ƙarfe goma da rabi na dare.

Shekara goma sha ɗaya ina sa tabarau, sai yau na hango fuskata a madubi daga nesa ba tare da shi ba. Ashe har ya bar mini tabo biyu a gefen hanci.

Ƙwallon ranar Asabar ce ta kai ni wurin likitar ido. Na yi tsalle zan sa kai, wani ya kai mini gwiwar hannu, ƙafar tabarau ta karye, karo na biyu ke nan a bana. Na tafi da shawarata a yanke: gilashin cikin ido, wato contact lens, irin na wata-wata da abokina ke sakawa. Har takardar awon tabarau ɗina na riƙa, a zatona miƙawa kawai zan yi a ba ni.

Likita ta duba takardar ta ajiye gefe. Ta ce tabarau yana tsayawa kimanin milimita 12 daga ido, wannan kuwa a kan idon yake kwanciya, shi ya sa in ƙarfin ya wuce 4 lambar takan sauya. Idona na dama -5.00 ne a tabarau, a nan ya koma -4.75. Ta sa na ɗora haɓa a kan na'ura ta auna lanƙwasar gaban idon, ta rubuta lanƙwasar gilashin milimita 8.6, faɗinsa kuma 14.2. Kamar takalmi ne, in ji ta. In ya matse ba ya motsi, hawaye ba sa ratsawa ƙarƙashinsa. In ya yi sako-sako kuma, duk ƙiftawa sai ya yi yawo. Na hagun ma da nasa labarin: gabansa bai zagaye daidai ba, ya ɗan yi siffar ƙwai, abin da suke kira astigmatizim. Shi sai gilashin da aka yi wa kauri a wani gefe don kada ya riƙa juyawa.

Daga nan ta bar idon ta koma kaina. Awa nawa nake yi gaban kwamfuta? Ina ninkaya? Akwai ƙura a wurin aikina? Sai ta zo kan barci.

"Malam, kakan yi barci ba da niyya ba, kana riƙe da waya?"

"Wani lokaci, Likita."

"Gaskiya nake so."

Na ce kusan kullum. Dariya ta yi, sannan ta ce wannan fatar mai haske da ke gaban ido ba ta da jijiyoyin jini, iskar oksijin daga waje take samu ta cikin hawaye. Ka ɗora mata gilashi, ka kuma rufe ido har safe, ka shaƙe ta sau biyu ke nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce barci da shi yana ninka haɗarin kamuwa da cuta sau 6 zuwa 8. Na wata-watan da nake so kuwa, kowane dare sai an murza shi a tafin hannu da ruwan maganinsa, a zubar da na jiya a zuba sabo, a sauya ɗan akwatinsa duk wata uku. Ruwan famfo ko kusa, saboda wata ƙwayar cuta mai suna Acanthamoeba da kan maƙale a gilashin ta ci ido, kuma maganinta wahala gare shi. Ni da bakin riga nake goge tabarau da shi! Na san kaina. Kafin ta ƙarasa na ce a ba ni na kwana ɗaya, wanda ake sakawa da safe a jefar da dare, duk da ya fi tsada. Ta zaɓo mai silikon, wanda iska ta fi ratsawa.

Sakawar ce aiki. Na wanke hannu na tsane, na ɗora shi a kan yatsa. Ta ce in duba: in ya tsaya kamar kwano daidai ne, in bakinsa ya baje kamar faranti a juye yake. Yatsa na matsowa, ido ya rufe ruf, ba da izinina ba. Sau uku yana maƙalewa a gashin ido, sau ɗaya ya naɗe, hawaye har haɓa. Minti arba'in muka yi. Da ya zauna, sanyi kawai na ji, na ƙifta sau biyu, sai ga agogon bango da lambobinsa tar.

A hanya na karanta a waya cewa wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Czech, Otto Wichterle, shi ya fara haɗa irin wannan gilashin cikin ido mai laushi a 1961, a gidansa, da na'urar da ya harhaɗa daga kayan wasan yara. Ni kuma sakawa kawai ta nemi gagarata.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne gefe. Ina ganin mai tahowa ta dama ba tare da na juya kai ba, komai kuma ya ɗan ƙara girma, har matakala sai da na taka ta a hankali. Hannuna dai bai ji labari ba, ya kai sau goma yana zuwa gyara tabaran da babu. Gaban kwamfuta ne idon ya fara yin kamar da yashi, na tuna ta ce mai kallon allo yakan manta da ƙiftawa.

Awa huɗu ta ba ni yau, gobe in ƙara kaɗan. Ƙarfe biyar na cire, na dama ya fito a tashi ɗaya, na hagu sai da na yi ta lallaɓa shi. Zan koma mako mai zuwa ta ga ko yana zama inda ya kamata. Yanzu da tsohon tabaran nake rubutu, ƙafarsa ɗaya ɗaure da zare.